CT ko MRI: wane hoto ya dace idan cutar tana can tsakiyar ƙwaƙwalwa?

Da zarar likita ya rubuta takardar hoton ƙwaƙwalwa, tambayar da ke biyo baya ba ta canzawa: "Likita, wanne ya fi, CT ko MRI?" Galibi mai tambayar ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa mai tsadar shi ne mai kyau. Shi ya sa za ka ga an kwashe adashe ko an sayar da dabba an yi MRI a inda CT na 'yan mintuna zai wadatar. Wani wurin kuma a yi CT har sau biyu ana cewa ba a ga komai ba, alhali abin da ake nema ba irin wanda CT ke gani ba ne tun farko. Babu inda wannan ke cin kuɗi da lokaci kamar a cututtukan da ke kama can tsakiyar ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa launi biyu gare ta. Ɓawonta na waje ruwan toka ne, cikinta fari. Amma can cikin farin akwai wasu curi-curi masu ruwan toka, kowanne biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Likitoci na kiransu kodet, futamen, falidus da talamus. Ukun farko su ke daidaita motsi: su ke ba mutum damar fara tafiya, su hana hannu motsin da ba a sa shi ba, su sa rubutu da ɗinki da tuƙi su zame wa mutum jiki. Talamus kuwa ta nan saƙonnin taɓawa da zafi da gani da ji ke ratsawa kafin su kai ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma yana da hannu a kasancewar mutum cikin hayyacinsa. Idan wurin ya taɓu, ko dai jiki ya sandare ya yi nauyi, ko ya kama karkarwa da murɗewa da fizge-fizge, ko ɓari guda ya mutu, ko mutum ya nutse cikin barcin da ba a iya tashinsa.

Abu biyu ke sa wurin saurin taɓuwa. Na farko ci. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma waɗannan curi-curin suna cikin masu cin da yawa. Duk abin da ya rage iska ko suga, ko ya shigar da guba cikin jini, suna cikin waɗanda yake fara bugewa. Na biyu hanyoyin jininsu. Sirara ne ƙwarai, kuma sun fito kai tsaye daga jikin manyan jijiyoyin jini, kamar a jona siririn tiyo a jikin babban bututun ruwa: matsi ya yi yawa ya fashe, datti ya shiga ya toshe, kuma babu wata hanya ta gefe da za ta kawo ɗauki. Daga nan ne ƙa'idar da masu karanta hoto ke farawa da ita ta fito. Tabo a ɓangare ɗaya yawanci aikin jijiyar jini ne, ko ƙari, ko ƙwayar cuta. Tabo a dama da hagu iri ɗaya, wuri ɗaya, girma ɗaya, to a nemi guba, ko rikicin sinadaran jini, ko rashin iska, ko ciwon gado.

CT haskensa irin na hoton ƙashi ne, sai dai na'urar tana zagaya kai, kwamfuta ta haɗa hoton yanka-yanka. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara ɗaukar majinyaciya da ita a Landan a 1971, ya kuma sami kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Abin da CT ke aunawa tauri ne kawai, kuma akwai ma'auni: ruwa 0, iska 1000 ƙasa da sifili, ƙashi ya kai 1000 ko fiye. Farin naman ƙwaƙwalwa yana wajen 25 zuwa 30, mai ruwan tokar wajen 35 zuwa 40, jinin da ya zuba ya daskare kuma daga 50 zuwa sama. A waɗannan lambobi ƙarfinsa da rauninsa suke. Jini da kalshiyam sun yi nisa da nama, sai su fito fari tas, ko ɗalibi zai nuna su da yatsa. Amma tsakanin nama da nama tazarar ba ta wuce goma ba, don haka ɗan kumburi ko tabo mai girman ƙwayar wake a falidus yana iya ɓacewa gaba ɗaya.

MRI babu haske mai illa a cikinsa. Maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske da igiyar rediyo, suna sauraron ruwan da ke cikin nama. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami Nobel a kansa a 2003. Da tesla ake auna ƙarfin maganaɗisu, kuma na'ura mai tesla 1.5 ƙarfinta ya ninka maganaɗisun ƙasa sau wajen 30,000. Kuma ba hoto ɗaya ba ne, jerin hotuna ne, kowanne da abin da yake bi. T1 na nuna tsarin wuri, kuma wasu abubuwa irin su manganis suna haske a cikinsa. T2 da FLAIR na nuna kumburi da tsohon tabo. DWI na kama naman da ya fara mutuwa cikin mintuna. SWI na bin sawun ƙarfen jini, komai ƙanƙantar ɗigon da ya taɓa zuba. Wannan ya sa a wurin gane irin cutar, MRI ya yi wa CT fintinkau.

Sai dai wanda bai taɓa shiga ɗakin ba bai san abin da ake nema daga majinyaci ba. A ƙofa za a ce a cire ɗan kunne da sarƙa da fil ɗin ɗankwali, a ajiye waya da makullai da katin banki, har kwalli akan ce a goge domin yana ɓata hoton wajen ido. Za a tambayi ko akwai na'urar bugun zuciya, ko harsashi ya taɓa maƙalewa a jiki, ko mutum mai walda ne da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido. Tukunyar oksijin ta ƙarfe ba ta shiga, don maganaɗisun zai fizge ta. Sannan a kwantar da mutum, a rufe kansa da wani keji, a tura shi cikin rami, na'ura ta kama ƙwanƙwasa mai ƙara kamar za ta fasa kunne, na minti 20 zuwa 45, kuma ba a son ko haɗiyar yawu mai ƙarfi. Yanzu ka ɗauki dattijon da ke amai yana fizge-fizge, ko yaron da jikinsa ke murɗewa ba da sonsa ba. Ko dai a ba su maganin barci, wanda shi ma da haɗarinsa, ko hoton ya fito a dagule, kuɗi sun tafi. CT kuwa ɗaukar kanta daƙiƙoƙi ce, shiga da fita bai fi minti biyar zuwa goma ba, da ƙarin ruwa da oksijin a jiki duk ana shiga. Hasken da kai ke sha a CT ɗaya wajen milisibat 2 ne a ma'aunin irin wannan haske, kusa da abin da kowa ke sha daga ƙasa da sararin sama a shekara guda. Ga babba wannan ba abin fasa hoto ba ne. Ga jariri da ƙaramin yaro ne ake ƙara tunani, musamman idan za a maimaita.

To mu ɗauki abin da ya fi cika sashen gaggawa. Mutum mai hawan jini yana alwala ko yana cikin hira a majalisa, sai baki ya karkace, hannu da ƙafa suka saki, magana ta sarƙe, wataƙila da ciwon kai da amai. A nan ban ga abin muhawara ba: CT, kuma yanzu. Tambaya ɗaya ce ke gaban likita, jini ne ya zuba ko hanya ce ta toshe, kuma ba a iya rarrabe su da ido ko da hannu, alhali maganin ɗayan guba ne ga ɗayan. Asfirin da ke taimakon mai toshewa zai iya ƙara wa mai zubar jini. Futamen shi ne wurin da hawan jini ya fi fasawa, talamus na biye. Kuma a wajenmu abin ba kaɗan ba ne. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya samu cewa kusan kashi 32 cikin ɗari na masu shanyewar ɓarin jiki zubar jini ce, alhali a ƙasashen Turai abin yana tsakanin kashi 10 da 15. CT zai nuna jinin nan take, ya nuna girmansa, ya nuna ko ya ɓalle cikin kogunan ruwan ƙwaƙwalwa ya toshe su, wanda shi ne abin da likitan tiyata ke son sani. Iyalin da suka ce a jira zuwa jibi a yi MRI "mai kyau" sun sayi hoto mafi kyau da lokacin da ba ya dawowa.

Idan CT bai nuna jini ba, kuma an ce ba a ga komai ba, ba yana nufin babu komai ba. Ƙananan toshewa na wannan yanki ba sa wuce milimita 15, kuma a ranar farko CT kan rasa su. DWI zai nuna su suna walƙiya. Amma a tambayi kai, me zai canza? An riga an san babu jini, za a fara asfirin, a kula da hawan jini da suga da haɗiya da gashin ƙashi. Ko allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, kuma CT ya ishe ta. Ga dattijo mai tsohon hawan jini da alamunsa suka fito sarai, ni a ganina kuɗin MRI gara a ajiye su don magani da gashi. Inda MRI ke cancanta shi ne matashi, ko wanda ba shi da hawan jini, ko mai sikila, ko wanda alamunsa ba su zauna daidai ba.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani. Tsohuwa mai ciwon suga, sugan ya haura sosai, sai hannu da ƙafa na ɓari guda suka kama wurgi da rawa ba tsayawa. A CT futamen na ɗaya ɓangaren ya fito fari, sai a ce jini ne. Ba jini ba ne. Babu kumburi a gefensa, bai ture komai ba, ya tsaya cak a iyakar wurin, kuma a MRI yana haske a T1. Maganinsa sauke suga. Gwajin yatsa na minti ɗaya ya fi kowane hoto faɗin gaskiya a nan, haka ma idan sugan faɗuwa ya yi. Duk wanda ya fita hayyacinsa, a huda yatsa kafin a nufi ɗakin hoto.

Labarin ya juya idan tabon na dama da hagu ne. Gidan da aka kwana da janareta a soro ko a barandar da aka rufe saboda ɓarayi, ko ɗakin da aka shigar da kaskon gawayi aka toshe taga a tsakiyar hunturu, da safe a tarar da mutane a sume. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin sama da sau 200, kuma abin auna iska da ake maƙalawa a yatsa yana iya nuna lamba mai kyau ta ƙarya. Falidus ta fi ci, duka biyun. Amma a ranar farko ba CT ba MRI, oksijin ake nema: a iskar ɗaki sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ya fita daga jini, da tsantsar oksijin kuwa awa ɗaya da 'yan kai. Lokacin hoto yana zuwa daga baya. Wasu sukan farfaɗo su koma harkokinsu, sai bayan kwanaki ko makonni, har zuwa wajen kwana 40, a ga mutum ya zama shiru, yana mantuwa, yana jan ƙafa, fuska ta daskare. A nan ne a gida ake fara maganar iska ko sammu. MRI zai nuna tabo biyu a falidus da lalacewar farin nama, abin da CT kan nuna rabi ko ya rasa.

Metanol kuma, wanda ake samu a gurɓatacciyar barasa, futamen yake ci tare da jijiyar gani. Shi aka gano a mace-macen da suka faru a Irele ta jihar Ondo a 2015. CT na iya nuna futamen biyu sun yi duhu, wani lokaci da jini a ciki, MRI ya fi fito da shi, amma mai ceton rai shi ne gwajin tsamin jini da maganin karya gubar da wankin ƙoda.

Wurin da na fi ganin ana ɓarnar kuɗi, kuma na fi jin takaici, shi ne jarirai. Shawara ta kama jariri a makon farko, ido ya yi ɗorawa, aka yi ta shanya shi a hantsi ana ba shi ruwan gulukos. Ya daina kama nono, kukansa ya koma tsiwa mai tsini, ya fara banƙarewa. Sinadarin bilirubin, wanda shi ke sa ido ya yi ɗorawa, ya haye ƙwaƙwalwa, kuma falidus da jijiyar ji yake zauna wa. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma musamman ga maza, yana sa jinin jariri ya farfashe idan ya haɗu da kafur ɗin da ake sa wa a kayan jarirai, haka ma lalle. Wannan jaririn gwajin bilirubin yake bukata a yau, da fitila mai shuɗin haske, ko sauya jini. CT ba shi da wurin zama a nan kwata-kwata, haske ne kawai zai sha a banza. MRI yana nunawa, falidus na haske a T1 a makonnin farko, daga baya ya koma T2, amma amfaninsa bayani ne ga iyaye bayan watanni, idan yaro ya kasa riƙe wuya, jiki na murɗewa, ba ya iya ɗaga ido sama. Ko a lokacin, idan kuɗi ɗaya ne, gwajin ji zan fara ba shi, domin kurumtar da aka gano da wuri ana iya yin wani abu a kai.

Jaririn da ya sha wuya wajen haihuwa, bai yi kuka ba, ya yi jijjiga, shi ma futamen da talamus ne ke ɗaukar bugun idan rashin iskar ya zo da ƙarfi lokaci guda. Hoton da za a fara yi a nan wani iri ne na uku da ba a cika ambata ba: sikanin irin na masu ciki, ta maɗiga. Yana da araha, ana yin sa a gefen gado, yana nuna jini da taruwar ruwa. MRI shi ke faɗin yadda gaba za ta kasance, amma lokaci na da muhimmanci. Wanda aka yi a ranar farko yana iya rage girman ɓarnar, ya fi faɗin gaskiya daga 'yan kwanaki zuwa mako na biyu. Kuma sau da yawa ba a bukatar maganin barci: a shayar da shi, a naɗe shi, a toshe masa kunne.

A ɓangaren ƙwayoyin cuta CT bai gaza sosai ba, matuƙar an yi shi da allurar rini, wadda ke sa wurin cutar ya fito fili a hoto. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki da adadin ƙwayoyin garkuwar jininsa, wato CD4, ya faɗi ƙasa da 100, ya zo da ciwon kai da rauni a ɓari guda, abin da aka fi zargi shi ne tokso, wata ƙwayar cuta da ke kama ƙwaƙwalwar mai raunin garkuwa, kuma wannan yankin take so. Da rini ana ganin zobba masu haske da kumburi kewaye. Akan fara magani, a sake hoto bayan mako biyu. Idan zobban sun motse shi ke nan, idan ba su motsa ba a koma tunanin tibi ko kansa. Hoto biyu ke nan, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi CT biyu ya fi MRI ɗaya da ba za a iya maimaitawa ba. Sanƙarau na tibi kuma yana shaƙe waɗancan siraran jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa ya bar ƙananan tabo a kodet da talamus. MRI ya fi ganinsu, amma abin gaggawa shi ne taruwar ruwa, CT kuma na ganinta sarai. Rinin kansa da sharaɗinsa: a duba ƙoda tukuna. Na MRI ana taka-tsantsan da shi idan aikin ƙoda ya faɗi ƙasa da 30 a ma'aunin da ake amfani da shi, kuma ana kauce masa ga mai ciki.

Mata biyu nake so a riƙa tunawa da su. Mai jego da ta kama ciwon kai mai ƙaruwa kullum, sannan barci ya fara rinjayarta: jini na iya daskarewa a jijiyoyin da ke kwashe jini daga tsakiyar ƙwaƙwalwa, talamus biyu su kumbura. CT na yau da kullum na iya wucewa ta kansa. Dole a rubuta cewa hoton jijiyoyin dawo da jini ake so, da CT ko da MRI, domin maganin tsinka jini ke warkar da ita. Ta biyu mai laulayin da ta yi makonni tana amai, ta fara ruɗewa, ido na rawa, tafiya na tangaɗi. Ƙarancin bitamin B1 ne, yana cin gefen ciki na talamus. MRI kansa wajen rabin masu wannan kawai yake kamawa, CT kusan ba ya gani. Ba a jira hoto: allurar tayamin, wato bitamin B1 ɗin, kuma kada a ɗaura mata ruwan gulukos ba tare da ita ba.

Sai cututtukan da ke tafiya a hankali, na watanni da shekaru. A nan babu gaggawa, don haka a tara kuɗi a yi MRI sau ɗaya mai kyau ya fi a yi CT don rage zafi. Saurayi ko budurwa da hannu ya fara karkarwa, magana ta lauye, yawu na zuba, hali ya canza, wataƙila da tarihin ciwon hanta a gidan: a tuna da cutar Wilson, wadda aka bayyana a 1912, inda jan ƙarfe ke taruwa a hanta da futamen. Ta gado ce daga uwa da uba duka, don haka auren zumunci na ƙara yiwuwarta, kuma tana da magani. MRI na nuna ta, amma likitan ido da fitilarsa zai iya ganin zoben jan ƙarfen a gefen baƙin ido, ga gwajin jini da na fitsari. Akwai ma wata ta yara da aka fara bayyanawa a Saudiyya a 1998, mai cin kodet da futamen bayan zazzaɓi, wadda bitamin biyu, bayotin da tayamin, ke tsayar da ita idan MRI ya sa an yi zarginta da wuri.

Abu ɗaya a wannan rukunin CT ya fi MRI, wato kalshiyam. Ɗan farin ɗigo a falidus na wanda ya manyanta abu ne da ake gani kullum, ba cuta ba ne. Amma idan mai shi bai kai 40 ba, ko farin ya bazu har talamus, sai a auna kalshiyam da fosfet da sinadarin ƙananan ƙullutun da ke bayan maƙogwaro. A tambayi ko an taɓa yi masa aikin maƙoƙo, domin a wurin aikin akan taɓa su, bayan shekaru a ga jijjiga da ɗaurewar yatsu.

Wasu kuma ba CT ba MRI. Cutar Parkinson da ido da hannu ake gane ta, da yadda take amsa magani. MRI ɗin mai ita yawanci lafiya lau yake fitowa, ana yin sa ne kawai don kore wasu abubuwa idan alamun sun saɓa. Kafin hoto a zazzage jakar magunguna, domin magungunan taɓin hankali irin su halofaridol da kulofuromazin, da maganin amai metokulofuramaid duk suna kawo sandarewa da karkarwa, har su murɗe wa yaro wuya su fito masa da harshe cikin awoyi. Yarinya 'yar makaranta da ta kama motsin rawa ba da sonta ba, tana zubar da kofi, rubutunta ya lalace, makonni ko watanni bayan ciwon maƙogwaro, hoton zuciya ya fi mata amfani, saboda abin da ya taɓa ƙwaƙwalwar yana cin ƙofofin zuciya, kuma allurar fenisilin ta wata-wata ce kariyarta.

Idan an tsaya a kan MRI, akwai tambaya kafin biya. Ba duk na'urori ne ɗaya ba. Akwai masu tesla 0.2 zuwa 0.35, buɗaɗɗu, masu sauƙi ga mai tsoron ƙunci. Da babu gara ba daɗi, kuma suna nuna ƙari da babban tabo. Amma aikin wannan yankin na ƙananan abubuwa ne, DWI da SWI kuma sai da ƙarfin maganaɗisu suke yin kyau. A tambaya tesla nawa ce, a tambaya ko za a yi waɗannan biyun. Wanda zai taso daga ƙauye zuwa Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya yi waya ya tabbatar na'urar na aiki a ranar. A karɓi hoton a faifai, ba 'yan zaɓaɓɓun da aka buga a fim kaɗai ba, domin likita na gaba zai so ya duba da kansa.

Ana cewa gani ya kori ji, amma a ɗakin karanta hoto ba haka abin yake ba. Tabo biyu a falidus kamanninsu ɗaya ko hayaƙin janareta ne, ko shawara ce tun ta jarirantaka, ko zuciya ce ta taɓa tsayawa. Hasken T1 a wurin na iya zama na mai ciwon hanta, na iya zama na mai walda da ya shekara yana shaƙar hayaƙin manganis. Mai karanta hoton bai ga majinyaci ba, takardar da aka rubuto kawai ya gani, kuma sau da yawa kalma biyu ce a kanta. Ɗan'uwan da ya raka majinyaci shi ke da sauran labarin: ranar da abin ya fara, cikin minti ne ko cikin wata, inda aka kwana, abin da aka sha har na gargajiya, sana'arsa, ko wani a dangi ya taɓa yin irinsa. "Ranka ya daɗe, a daren da abin ya faru injin yana cikin soro, ƙofa a kulle." Wannan jimlar kaɗai na iya mayar da rahoton da zai lissafo cututtuka shida zuwa suna ɗaya, don haka a roƙi likita ya rubuta ta a takardar kafin a kai ta wurin biya.